Sue Storm da Ororo: mace ɗaya a cikin tawagar maza

A 1961 marubuci Stan Lee da mai zane Jack Kirby suka fito da Fantastic Four, littafin labarin zane kan tawagar jarumai huɗu, mace ɗaya tal a ciki: Sue Storm. Ƙarfinta shi ne ɓacewa, kuma haka marubutan suka bar ta, kamar ba ta wurin. Namor, sarkin ƙarƙashin teku, ya sace ta, maza su bi sawu. Har masu karatu suka yi ta ƙorafin ba ta tsinana komai. Sai a 1985 marubuci John Byrne ya cire "yarinya" daga laƙabinta ya kira ta mace: Invisible Girl ta koma Invisible Woman.

Ororo, wato Storm mai sarrafa iska da tsawa a tawagar jaruman X-Men, daban ce. Ta bayyana a 1975, uwarta 'yar Kenya ce, ita kuwa Ororo ta tashi tana yankan aljihu a titunan Alƙahira. Marubuci Chris Claremont ya ba ta tsoron wuri mai ƙunci, tabon ranar da gini ya rufta kan iyayenta tana ƙarama. Abin da ya fi burge ni fitowa ta 201 ce ta littafin X-Men, a 1986: ba iska, ba tsawa, ƙarfinta ya tafi, amma ta kara da Cyclops, jarumin da idanunsa ke harba haske mai ɓarna, kan shugabancin tawagar. Ta lallaɓa ta fizge masa gilashin idonsa da ke tsare hasken, dole ya sallama.