Teburin da kafintan Zariya ya yi wa ɗiyata

Kafin wanga tebur, a kan tabarma ɗiyata take aikin lakkwal, rub da ciki, kaye a ƙasa, ƙanenta yana bi ta kai. Mushensu ya sha yi mata magana cewa rubutunta a karkace yake. A 2024, da aka ɗage komawa lakkwal zuwa 28 ga Oktoba saboda ambaliya, na ce bari in yi mata tebur kafin ta shiga CE2, wato aji huɗu na firamare.

Na zagaya babbar kasuwa tukuna. Na roba suna da kyau a ido, amma ina dafa ɗaya ya hau rawa. Na katako kuwa duk na manya ne, tsawon santimita 75, yarinya ƴar shekara 8 in ta zauna sai haɓarta ta kusa taɓa kaye. Maƙwabciyata ce ta nuna mini wani kafinta a unguwar Zariya ta nan Maraɗi, rumfa ce kawai ta kwano, ko allon suna babu.

Abin da ya saye ni, bai fara da kuɗi ba. Cewa ya yi, "Hajiya, ki zo mini da mai teburin." Washegari na kai ta. Ya zaunar da ita a kan benci, ya auna daga ƙasa zuwa gwiwarta, sannan zuwa gwiwar hannu. Kujera ta tashi santimita 35, tebur 60. Ya tambaye ta hannun da take rubutu da shi, ya ce in dai na dama ne, fitila ta zauna a hagu, kada inuwar hannu ta rufe layi. Ni da na yi lakkwal har 3e, wato aji huɗu na kwaleji, ban taɓa jin haka ba.

Mun daidaita a kan jikka 22, tebur da kujera, da jan katako. Fari ya fi araha, amma ya ce gara ba ta raga masa, ga shi ɗakinmu na ƙasa ne. Ya ƙara ƴar kanta mai hawa biyu a sama. Hawa na sama Alƙur'aninta da littattafan islamiyya, inda hannun ƙanenta ba ya kai. Na ƙasa kaye da littafin karatu. Ya buga ƙusa a gefe don rataye jaka, ya tsaga wani siririn wuri daidai allon alli.

Sauran kwalliyar mu muka yi. Gwangwanayen madara guda 3 muka wanke, muka naɗe da ƙyallen atamfa: ɗaya bik, ɗaya alli, ɗaya fensir da magogi. A bango mun manna taswirar Nijar, ta shafa wa jihohi 8 launi, Maraɗi ta ba ta ja don son kai. Fitilar sola na ƙara, don in wuta ta ɗauke bayan isha'i kada aiki ya tsaya.

To, sai laifinsa. Kwana 7 ya ce, sai da aka yi 19, kullum "gobe in sha Allah, Hajiya". Ya kawo shi fenti bai gama bushewa ba, kwana 4 yana tsakar gida yana shan iska saboda wari. Aljihun teburin kuma da damina ta dawo katako ya kumbura, sai an ja da hannu biyu. Na aika masa, ya turo yaronsa ya kankare gefen, ya goga kyandir, bai karɓi ko dala ba.

Kantar nan da babu ƙofa ita ce kuskurena, ni na ƙi biyan jikka 3 na ƙari. Hunturu na shigowa ƙura ta kwanta a kan littattafai, yanzu da tsohon mayafina muke rufewa.

Rubutun ya miƙe, amma har yanzu in karatun hadda ne, tabarmarta take komawa.