Alƙalamin da ke karatu: amsa daga Ingila ga saƙon Yaya

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya mutanen Gusau? Allah ya ƙara mana zaman lafiya.

Na saurari saƙonka a kan wahalar karatun Auta da alƙalamin nan mai karanta rubutu da ka gani a Facebook, wanda ka ce in saya in ba mai tahowa. Na yi jinkirin amsa ne don kada mu zuba kuɗi a rijiya.

Alƙalamin gaskiya ne, akwai ma shi a gidana. C-Pen sunansa, ya ɗan fi makar rubutu a allo kauri, da ƙaramin gilashi a gefe. Yaro zai goga bakin alƙalamin a kan layin rubutu, shi kuma ya karanta masa da murya ta abin kunne. Ba ruwansa da intanet, caji kawai. Na saye shi sama da fam 200, kai ka buga da canjin yau. Takwarar Inna ke aiki da shi bayan magariba a teburin kicin. In ta ja shi a karkace sai ya yi ta sambatu, ta kwashe da dariya ta sake ja. Sai dai rubutun bugawa yake ganewa. Na gwada shi da wasiƙar da ka rubuto min da hannu, ko kalma ɗaya bai fitar daidai ba. To yaranmu kuwa rabin karatunsu abin da suka kwafa daga allo ne. Kuma Turanci yake ji da wasu harsunan Turai, babu Hausa a cikinsa.

Abin da ya fi burge ni a nan Ingila ya riga alƙalamin zuwa. A ƙarshen aji ɗaya, tun daga 2012, ana zaunar da kowane yaro da malaminsa ya karanta kalmomi 40, rabinsu na ƙarya ne, an zana ɗan dodo a gefensu don yaro ya san ba su da ma'ana. Wanda ya saba haddace siffar kalma nan asirinsa ke tonuwa, dole ya haɗa sauti da sauti. Takwarar Inna ta faɗi, aka sake mata a aji biyu ta kuma faɗuwa. Ni da bakina na ce mata daƙiƙiya, Allah ya yafe min. Sai malamar da ke kula da masu buƙata ta musamman, wadda kowace makarantar gwamnati ke da irinta, ta kira ni ta ce wannan alamar disleksiya ce: basira lafiya lau, haɗa harafi da sautinsa ne ke wahala. Hukumar lafiyarsu ta NHS ta ce yakan kai mutum 1 cikin 10. Nan take na tuna Auta, da yake haddace sura daga bakin malam kafin tsaransa, amma a buɗe masa littafi sai zufa.

Kada ka ɗauka komai a faranti ake miƙowa. Da na nemi cikakken gwaji, makarantar ta ce ba ta da kuɗinsa. Na yi ta sintiri wata da watanni, daga ƙarshe na biya mai zaman kanta sama da fam 500, kuɗin aikin dare na makonni. Amma doka na bayanka, ta daidaito ta 2010. Idan makaranta ta tabbatar da buƙatar yaro, a GCSE, jarrabawarsu ta sakandare, ana ƙara masa kashi 25 cikin 100 na lokaci, ko a bar shi da kwamfuta mai karantawa, ko irin alƙalamin nan da aka cire wa ƙamus. Mu ma Buhari ya sa hannu a dokar masu nakasa a Janairun 2019, JAMB kuma na yi wa makafi tanadi tun 2017. Sai dai lalurar Auta ba a ganinta da ido, bulala ce ke fara isa gare shi.

Ga shawarata. Wayarka ta Android tana da rabin aikin alƙalamin kyauta: ɗauki hoton shafi da Google Lens ka danna wajen sauraro, za ta karanta masa Turancin. A Word kuma akwai Immersive Reader, yana buɗa tsakanin haruffa, ya raba kalma gaɓa-gaɓa, ya nuna layi ɗaya ya rufe sauran. Wannan na ƙarshen ko kwalin sabulu ka yanke wa taga zai yi maka shi. Ledoji masu launi da ake ɗorawa kan takarda na saya, ban ga amfaninsu ba.

Sannan muna da gatan da Bature ba shi da shi. Hausa yadda ake faɗinta haka ake rubuta ta, ba ce ba, bi ce bi, Turanci kuwa harafi ɗaya ya yi sauti uku bai ji kunya ba. A fara masa da Hausa. Kai malami ne, ka duba ko littattafan shirin RANA na koyar da karatu da Hausa da aka yi a Zamfara da Katsina sun rage a ofishinku. Inda zai sha wuya shi ne b da d, mu kuma har da ɓ da ɗ, huɗu ke nan masu kama da juna. Ku riƙa zana su da yatsa a rairayi yana furta sautin, minti goma kullum, harafi ɗaya har sai ya zauna.

Kafin komai a kai shi a duba ido da kunne. Ka turo min muryarsa yana karanta shafi ɗaya, kada a gyara masa, in ji inda yake tuntuɓe. Abin kunne da maganin ƙafar Inna suna hannun mai tahowa bayan Sallah. Ka gaida Anti, ka ce ƙanwarka na roƙon a rataye bulalar nan tukuna.