Kafin ka sayi kayan koyar da yara tafiyar Isra'ilawa a jeji, duba nan

'Yan'uwana malaman Sande Sukul, in kwatan nan darasinku na kan tafiyar Isra'ilawa daga Bahar Maliya zuwa bakin Urdun ne, to ku ɗan tsaya kafin ku kai kuɗin ikilisiya kasuwa, don labarin shekara 40 ne ba a gama shi Lahadi ɗaya, kuma ya warwatsu ne cikin Fitowa da Littafin Ƙidaya da Maimaitawar Shari'a, in kayan aikinka ba su da kyau yara za su cakuɗa komi.

Ni dai allon flanel nake so, wannan allon da ake rufe shi da yadi mai gashi-gashi ana manna hotunan mutane a kai. Abin da ya sa, labarin nan na tafiya ne, kuma allon yana barin mutanen su yi tafiya a gaban idon yaro. Ka manna su a Mara inda ruwa ke da ɗaci, ka ɗaga su ka kai Elim mai maɓuɓɓugai 12 da itatuwan dabino 70, sai mako na gaba ka yayyaga farar takarda ƙanana ka ba yara su manna da hannunsu a matsayin manna, wato abincin da Allah ya sauko wa Isra'ilawa daga sama, ka ce kowa ya ɗebi na yini ɗaya kawai sai ran na shida ne za a ɗebi ninki biyu, wanda ya ɓoye kuwa nasa ya yi tsutsa. A yaƙin Amalekawa yaro ɗaya ya riƙe Haruna ɗaya ya riƙe Hur suna tallafe hannuwan Musa. Ranar da muka kai Kadesh na jera 'yan leƙen asiri 12, na cire 10 gefe guda na bar Joshuwa da Kalibu su biyu kaɗai, don cikin masu shekara 20 zuwa sama su ne kawai Allah ya ce za su shiga Kan'ana, ajin ya yi tsit, wata yarinya ta tambaye ni ko babanta zai shiga Kan'ana tunda ya wuce shekara 20. Allon ba ya neman wuta ko caji, kuma in kuɗi ya yi kaɗan tsohon bargo da kwali ya isa, sai ka liƙa ɗan sanfefa a bayan kowane hoto ya kama.

Bidiyon katun a waya kuwa yara 30 ba za su ga fuskar waya ɗaya ba, yawancinsu kuma da Turanci ne. Fosta ta bango hoto ɗaya ce, mako biyu sun gaji da ita. Littafin darasi na ikilisiyarku ku saya, amma na malami ne ba na idon yaro ba.

Littafin hotuna ne ya taɓa ƙona ni. Na saya wurin wani mai tallar littattafai a baro a kasuwa, bangon na ƙyalli, arha sosai, ashe na jabu ne an yi masa fotokwafi an ɗinke. Shafi huɗu babu su gaba ɗaya, daga ɗan maraƙin zinariya sai kawai ga macijin tagulla. Abin da ya fi ci min rai shi ne sun haɗe labarin dutse biyu sun mai da shi ɗaya, alhali a Refidim, Fitowa 17, Allah ne ya ce Musa ya bugi dutsen, a Littafin Ƙidaya 20 kuma cewa aka yi ya yi wa dutsen magana shi kuwa ya buga har sau biyu, dalilin da ya sa bai shiga ƙasar ba ke nan sai hango ta da ya yi daga Dutsen Nebo. In an haɗe su yaro zai ɗauka Allah ya hukunta Musa a kan biyayya, wata guda na yi ina gyara wannan a aji.

Saboda haka ka tafi kasuwa da Littafi Mai Tsarki a jaka, ko fassarar da ikilisiyarku ke karantawa ko Sabon Rai Don Kowa, ka buɗe ayoyi uku ka gwada da abin da aka buga. Ka ƙirga lambar shafi ɗaya bayan ɗaya. Ka goga ɗan yatsa a hoto, in tawada ta biyo hannunka ajiye shi. Littafin da babu sunan maɗaba'a kada ka saya ko nawa ne. Flanel ɗin ma ana ha'inci a ciki, wasu hotunan bayansu sumul ne suna zamewa ƙasa, wani kunshin kuma an zare Kalibu ko akwatin alkawari an sake liƙe ledar, don haka ka sa a buɗe a gabanka, ka ƙirga, ka manna ɗaya a jikin rigar sanyi ka gani ko zai tsaya. In mai shago ya ƙi buɗewa ka wuce shagon littattafan Kirista na gaba, ka kuma karɓi rasit don ma'ajin ikilisiya zai tambaya.