Jinyar maganaɗisu da matsalar fitsarin ɗiyata: abin da na gani

Ɗiyata shekararta 8, muna zaune Bukoki a nan Yamai. Tun shigarta lakwal fitsari ke matsa mata farat ɗaya, kafin ta nemi izinin mushe, wato malaminsu, ta kai ban ɗaki wando ya jiƙe. A wuni sai ta zaga fiye da sau goma. Kakarta ta ce sanyi ne, maƙwabta suka ce sakarci. Ni ma na sha yi mata faɗa, kuma har yau abin na ci mini rai.

An auna fitsarinta, ba tsargiya, duk da yawan zuwanta bakin kogin Isa, ba ciwon sukari, ba ƙwayoyin cuta. Likita ya ce tsokar mafitsararta ce ke matsewa tun ba ta cika ba. Ya rubuta Ditropan. Ya rage matsuwar, amma bakinta ya riƙa bushewa, bayan gida ya yi tauri, ga shi maganin na rage zufa. A zafin Afrilu na Yamai wannan ya tsorata ni ƙwarai.

Da muka je Tunis wurin ƙanena lokacin hutu, aka gwada mata maganaɗisu. Wani faifai ake ɗorawa a ƙasan bayanta, daidai inda jijiyoyin mafitsara suke fitowa, ba allura, ba ko cire riga. Na'urar na ƙas-ƙas kamar minti 20. Ranar farko ta riƙe hannuna gam, daga baya ta ce: “Inna, kamar ana ƙwanƙwasa mini baya ne kawai.” Kafin a fara sun tambaya ko akwai ƙarfe ko na'ura a jikinta. Likitar kuma ba ta ruɗe mu ba, ta ce binciken da aka yi kan yara bai yi yawa ba tukuna.

Zagawar rana ta ragu sosai, yanzu tana iya riƙewa har a fito hutun tsakiyar safe. Fitsarin kwance na dare kam yana nan jefi-jefi. Tsadar ma ba wasa, kuma zama ɗaya ba ya isa, makonni muka yi muna kai da kawowa.

A ganina rabin sauƙin daga dokokin da aka gindaya mana ya zo: fitsari duk bayan awa 2 ko 3 ko ba ta ji ba, shan ruwa da rana, da kula kada cikinta ya ɗaure. Da muka yi sakaci lokacin bikin ƙanwata, kwana uku kacal jiƙewar ta dawo. Yanzu mushenta da kansa yake tuna mata in lokaci ya yi.