Yaya, ga labarin ƙululun wuyan nan

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya yara? A gaida Hajiya, a ce mata murya tana dawowa, in Allah ya yarda ranar Juma'a da bakina zan gaishe ta. Ka sha tambayata yadda abin ya faru, ni kuma doguwar magana har yanzu tana wahalar da ni, shi ya sa na rubuto.

Ka tuna ƙululun da na nuna maka ta waya, a ƙasan kunnen hagu, bai fi ƙwallon dabino ba? Ko kaɗan ba ya ciwo. Kunnen wajen ne ya toshe, sai ɗan haɓo jefi-jefi in ina alwalar asuba. Da a gida nake, ai kemis ɗin bakin layi zan leƙa a haɗo min kafso na kwana biyar, in bai faɗa ba a canza wani. Nan Ingila ma haka na gwada. Matar kemis ɗin ta ce ba a sayar da irin wannan magani sai da takardar likita. Ta tambayi tun yaushe abin ya fito, na ce wata guda da ɗoriya, ta ce lallai in ga likita a makon nan. Na fito ina ƙunƙuni, ga kuɗina a aljihu an hana ni. Ashe hana nin da ta yi shi ne gatan da ba a taɓa yi min irinsa ba a Birmingham.

Kada ka ɗauka komai sumul yake. Ganin likitan unguwa a nan sai ka buga waya ƙarfe takwas na safe, ka yi ta jira a layi, kafin a zo kanka a ce gurbin yau ya ƙare. Kwana uku ina wannan. A gida da kuɗinka a ranar za ka ga likita. Amma da likitan unguwar ya lalubi wuyan, sai abin ya canza salo. Ƙa'idarsu ita ce duk wanda ake zargin yana da ciwon daji, a cikin kwana 28 a tabbatar masa ko akwai ko babu. Ba a yi kwana goma ba sai ga ni gaban likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Ya fesa min magani a hanci, ya zura wata siririyar waya mai kyamara, muna kallo tare a allo. Can bayan hanci, sama da belu, inda askar wanzami ba ta kaiwa, ga tsiron nan zaune. Ƙululun wuya ashe reshe ne kawai, tsiron kuma aka tabbatar daji ne.

Na ce masa ni ko sigari ban taɓa sa wa a baki ba. Ya ce abin da suke kira dajin kai da wuya dangi ne babba: na baki, na harshe, na maƙogwaro, na wurin da murya ke fita, na hanci. Taba da giya ne ke kawo mafi yawansa, kuma taba ko ta sha ce ko ta gari da ake dannawa a leɓe duk ɗaya. Akwai wanda ƙwayar HPV ke kawowa, wadda aka fara yi wa 'yan mata rigakafinta a Nijeriya a 2023, nan kuwa tun 2019 har yara maza ake yi wa. Nawa yana da alaƙa da wata ƙwaya, EBV, wadda kusan kowa na ɗauke da ita lami lafiya. Ba a cika ganin irinsa a Ingila ba, ya fi yawa a kudancin Sin da arewacin Afirka.

Kafin a fara gashi, wato ƙona dajin da hasken na'ura, sai da aka cire min haƙora biyu masu rami, don bayan gashi muƙamuƙi ba ya saurin warkewa. Sannan aka jiƙa wata raga ta roba a ruwan ɗumi aka lulluɓa min daga goshi har kafaɗa, ta sandare da siffar fuskata. Kullum da ita ake ƙulle kaina a jikin gado, don kada in motsa hasken ya kauce. Ranar farko, Yaya, kabari na tuna. Da Hasbunallahu na riƙa ƙirga mintocin. Sau 35 aka yi, Litinin zuwa Juma'a, mako bakwai, ga ƙarin ruwan maganin daji a tsakani.

Daga mako na uku yawu ya ƙafe, baki ya yi gyambo, abinci ya koma kamar ana tauna takarda. Sun ba ni wasu 'yan kwalaben madara mai kauri masu ɗanɗanon ayaba, katan-katan. Suna riƙe jiki, amma ba su kama ƙafar kunun gyadar Hajiya ba. Abin da ya cece ni miyar kuɓewa ce ba yaji, don santsinta ke zurarar da lomar. Har mai kula da abincin marasa lafiya ta rubuta sunan a littafinta.

Zancen kuɗi kuwa, aiki da hoto da gashi ban biya ko sisi a asibiti ba. Amma kada a ce kyauta ce, don fam 1,035 nake biya na kowace shekara tare da biza, ban da haraji. Magani a kemis fam 9.90 ne kowane ɗaya, sai dai mai daji ana ba shi katin yafiya na shekara biyar. Inda suka kama ni shi ne kuɗin ajiye mota kullum, da kuɗin jinya na wurin aiki, fam 116.75 a mako a lokacin, wanda ko hayar gida bai biya ba.

Abin da babu a nan ko da kuɗinka shi ne mutane. A gida majinyaci ɗaya, masu jinya goma, ga kuloli, ga tabarma a baranda, ga masu dubiya har ka gaji da amsa sannu. Nan maman yara ta kai ni ta wuce aiki, in zauna da Turawa kowa ya kama jaridarsa. Wani dattijo da muke layi ɗaya, mako bakwai ban ga kowa nasa ba.

To, ga abin da ya sa na tsawaita. A saƙon muryar da Kawu ya turo min na ji muryarsa a dishe, kuma Hajiya ta ce tun babbar sallah haka take, har an cire masa belu bai sauya ba. Ga shi da tabar gari shekara da shekaru. A nan dishewar murya, ko miki a baki, ko ƙululu a wuya, in ya wuce mako uku likita ake nema. Ba na cewa daji ne. Don Allah ka ɗauke shi da kanka zuwa Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, ko asibitin koyarwa na Shika, ka ce a leƙa maƙogwaron da kyamara. In ya ce sanyi ne ko jifa, ka ce ni na roƙa. Kuɗin mota da na kati zan turo gobe.

In an samu mai tahowa, a haɗo min busasshiyar kuɓewa da kuka da gero mudu biyu. Na shagon nan ya kwana biyu, ga tsada.

Ƙaninka.