Karagar Sulemanu daga hannun wani kafinta a Zuru

Bana ni aka ɗora wa wasan kwaikwayon yaran makarantar Lahadi, labarin zuwan sarauniyar Sheba wurin Sarki Sulemanu. Sai na je wurin wani dattijon kafinta kusa da kasuwar Zuru, na karanta masa 1 Sarakuna 10:18-20, inda aka kwatanta karagar Sulemanu. Na ce, "Baba, ga abin da muke so, amma aljihunmu ba nauyi." Ya ce in sake karanto masa wurin zakunan.

Ta ainihi da hauren giwa aka yi ta, aka dalaye da zinariya. Tamu katakon maɗaci ce da fenti ruwan gwal. Duk da haka matakai 6 cif ya yi, bayan kujerar a zagaye, zakuna biyu tsaye a gefen wurin ɗora hannu. Zakuna 12 na kan matakai su suka ci masa sati uku. Da hannu ya sassaƙa kowanne, har layukan gezarsu kana bin su da yatsa. A nan na samu ƙofar gaya wa yara cewa masu fassara da yawa suna ganin kabilun Isra'ila 12 ne, dukkansu ƙarƙashin sarki ɗaya mai shari'a da hikima.

Matashin ƙafa na zinariya da ke 2 Tarihi 9:18 bai yi ba, domin ban karanta masa wurin ba. Fentin kuma yana ɗan kama riga in an yi gumi. Ya ce in dawo da ita bayan Kirsimeti ya sake shafawa, ba ko kwabo.