Hantsakin roba ko Photo-Flo, wanne ke raba nagatif da tabo?

Malam, tsakanin hantsakin roba na tsane ruwa daga jikin fim ɗin hoto da Photo-Flo (sinadarin da ake sa wa ruwan ɗaurayar fim ta ƙarshe) da ka tambaya, Photo-Flo za ka saya. Dukansu na riƙe, ɗaya ne kaɗai har yau nake kai hannu gare shi.

Kwalbar Photo-Flo 200 ta Kodak da ke wurina ta daɗe, har yanzu ba ta yi rabi ba, domin awonsa kashi 1 cikin 200 ne, wato mililita 5 a litar ruwa. Ilfotol na Ilford ma haka awonsa yake, duk wanda ka samu ya yi. Aikin Photo-Flo shi ne ya sa ruwa ya sulale daga jikin fim bai ɗaya, kada ya tsaya ɗigo-ɗigo. Ɗigon da ya tsaya shi ke bushewa ya bar farin zobe, balle in ruwan famfonku irin mai barin farin ɓawo a gindin tukunya ne.

Ranar da Photo-Flo ya shiga raina, fim ɗin da na ɗauki mahaifiyata ne tana zaune a bakin taga. Na yi masa ɗauraya ta ƙarshe da tataccen ruwa da ɗan Photo-Flo, daƙiƙa 30 kacal, na rataye. Na tsaya ina kallon ruwan yana gangarowa sumul, babu ɗigo ko ɗaya da ya maƙale. Washegari da na sa shi a sikana, na'urar da ke kwafe hoton zuwa kwamfuta, furfurarta ta fito sili-sili, har hasken tagar ana gani a ƙwayar idonta. Ɗigon ƙura uku ko huɗu kawai na goge a kwamfuta. Hoton nan yana jikin bangon ɗakina.

Hantsakin kuwa, yana rage lokacin bushewa, iyakar alherinsa ke nan. Ƙwayar yashi ɗaya ta taɓa maƙale a leɓen robar nawa, ta ja mini layi tun daga hoto na farko har na 36. Fuskar fim da hoton ke zaune a kanta jalatin ce, in tana jiƙe laushi gare ta ƙwarai. Ƙura ana hure ta, tabon ruwa ana sake wanke shi, amma karce ya zauna ke nan.

Kada kuma ka ce sikana za ta gyara maka. Digital ICE, tsarin goge ƙura na wasu sikana da ake yabo, da hasken infirared da ido ba ya gani yake gano ƙura, kuma a fim mai launi da ake wankewa da sinadaran C-41 yana aiki sosai. A fim baƙi da fari na gargajiya, azurfar da ta yi hoton ita ma tana tare wannan hasken, sai na'urar ta kasa bambance hoto da datti. Ga shi a fim mai faɗin milimita 35, girman hoto ɗaya milimita 24 ne a 36, in ka buɗa shi ya cika allo, silin gashi ɗaya sai ya koma igiya.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda za ka yi amfani da Photo-Flo ɗin. Ka haɗa shi a kwano daban, ka zare fim ɗin daga kan abin naɗinsa kafin ka tsoma, domin in ya saba shiga tankin wanki yana barin saura da ke tayar da kumfa a wanki na gaba. Kada ka ƙara awo da sunan neman tsafta, yawansa shi ma yana barin maiƙo. Kada ka girgiza har ya yi kumfa. Kafin ka rataye, ka saki ruwan zafi a banɗaki na 'yan mintuna, tururin ya kwantar da ƙurar da ke yawo, sannan ka rataye fim ɗin da maƙali mai ɗan nauyi a ƙasa, ka ja ƙofa. Babu fanka, babu leƙe. Ni dai nakan bar shi ya kwana, don fim yakan yi kamar ya bushe alhali fuskarsa na da danshi, kuma ƙurar da ta hau shi a wannan lokacin nutsewa take yi cikin jalatin, hura ba ta fitar da ita. In mai launi kake wankewa, ruwan ƙarshe da ya zo cikin kayan C-41 ɗin shi ne na ƙarshe, kada ka bi shi da komai.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai masu ɗura sabulun wanke-wanke a 'yar kwalba marar rubutu su ce Photo-Flo ne suka rarraba. In ba a kwalbarsa ta asali yake da murfi a like ba, ka bar musu. Tataccen ruwan ma ka gwada shi: ka ɗiga a kan gilashi mai tsafta ka bari ya bushe, in ya bar zobe ruwan famfo aka sayar maka. In kuma daga wurin masu batir za ka saya, ka tabbata ba mai asid ba ne. Haka ledar ajiye nagatif, da yawa ana rubuta musu cewa suna daɗewa alhali PVC ne, mai warin roba, wanda ke manne wa fim a kwana a tashi. Ka nemi ta polipropilin ko poliyesta.

Da ya bushe ka yanka shi shida-shida, kana riƙe da gefe, ya shiga leda nan take. Ranar sikanin, famfon roba na hura iska ya ishe ka, ka hure fuska biyu da gilashin sikanar kafin ka rufe murfi.